Yadda Ake Saka wa Mota Na'urar Tayar da Inji da Rimot, Mataki-Mataki

Masu karatu da dama daga Nima, Mamobi, Fadama da Madina sun yi ta maimaita tambaya ɗaya: yaya ake saka wa mota na'urar da ke tayar da inji daga nesa, kuma shin mutum zai iya yi da hannunsa ko sai ya kai wa mai gyaran lantarkin mota? A Kanada da arewacin Amurka, inda kasuwar waɗannan na'urori ta fi ƙarfi, ana saka su ne don ɗumama mota lokacin sanyi. Mu a Accra zafi muke gudu: motar da ta yini a rana a watan Fabrairu ko Maris, ko wadda aka bari a bakin titi a Kanda har aka sauko daga Juma'a, ana so esi, wato abin sanyaya cikin mota, ya yi aiki na wasu mintuna kafin a shiga. Wanda ya iya karanta zanen wayoyi, ya iya aiki da mita da dalma, zai iya yin aikin. Wanda bai iya ba, ya karanta matakan nan domin ya san abin da zai tambayi mai gyara da abin da zai duba kafin ya biya.

1. A tantance motar kafin a sayi komai

Galibin ayyukan da suka lalace tun daga nan suka lalace, domin an sayo na'ura ne sannan aka fara neman yadda za ta dace da motar. Abubuwa huɗu ake rubutawa a takarda: sunan motar da shekararta, irin giyarta, yadda ake tayar da ita, da kasuwar da aka ƙera ta dominta.

Kada a dogara da shekarar da dillali ya faɗa. Lambar jikin mota, mai haruffa da lambobi 17, tana kusurwar gilashin gaba ta ɓangaren direba, kuma a motocin Amurka da Kanada harafi ko lambar da ke matsayi na 10 ita ce ke nuna shekarar samfurin. Batun kasuwa ma yana da nauyi. Zanen wayoyin da kamfanonin na'urorin ke bayarwa na motocin Amurka da Kanada ne, don haka Corolla ko Elantra da ta sauka a Tema daga can za ta dace da zanen, amma mai irin sunan da ta zo daga Dubai, Koriya ko Turai tana iya bambanta a kalar waya da wurin soket. Motar da aka juya wa sitiyari daga dama zuwa hagu kuwa an riga an yanke wayoyinta an yi musu ƙari, kuma kalarsu ba abin dogaro ba ce ko kaɗan.

Sai a duba ko motar tana da imobilaiza, wato na'urar da ke karanta ɗan guntun lantarkin da ke cikin kan makulli, ta hana inji tashi idan ba ta gane shi ba. A makullan Toyota akan ga ɗigo ko harafin G ko H a jikin ƙarfen, kuma kowanne yana buƙatar manhaja daban. Yawancin Hyundai da Kia masu makullin murɗawa da aka sayar a Amurka tsakanin 2011 da 2021, musamman ƙananan samfura, ba su da imobilaiza, abin da ke sauƙaƙa aikin amma yake ƙara wa mai motar dalilin haɗawa da ƙararrawar hana sata. Mota mai maɓallin dannawa tana da imobilaiza babu makawa.

Gargaɗi: wannan jagora ta motar otomatik ce. Motar manuwal da aka bari cikin giya za ta zabura gaba da zarar kik, wato abin da ke juya inji ya tashi, ya juya, kuma a lungunanmu da yara ke wasa tsakanin motoci wannan ba ƙaramin haɗari ba ne. Akwai na'urori masu tsari na musamman da ke tilasta wa direba ya ja birkin hannu, ya fita inji na aiki, ya rufe ƙofa, sannan na'urar ta kashe injin da kanta. Duk da haka shawarata ita ce mai manuwal ya haƙura, sai dai in ƙwararre ne zai saka masa irin wannan. Haka nan motar da aka mayar mai amfani da gas, ba na ganin hikimar tayar da ita ba tare da mutum yana kusa ya ji wari idan akwai yoyo ba.

2. A duba batir da hanyar sanyaya inji

Batir mai lafiya, bayan mota ta huta, yana nuna kusan volt 12.6. Lokacin da kik ke juyawa bai kamata ya faɗi ƙasa da 9.6 ba, idan kuma inji ya tashi ya kamata a ga tsakanin 13.5 da 14.5, alamar altaneta na caji. Motar da sai an yi mata kik sau uku ko an taka totur kafin ta tashi, a gyara ta tukuna, domin na'urar ba ta da ƙafar taka totur.

Abin da aka fi mantawa shi ne injin zai yi aiki a tsaye, esi a kunne, cikin zafin rana, babu mai kallon allurar zafi. A tabbatar lagireto ba ya yoyo, ruwa a cike yake, kuma fanka tana kamawa da zarar an kunna esi. Da yawa daga motocinmu fita, wato makanike, ya cire musu tamostat ya haɗa fanka kai tsaye da layin makulli. Idan haka ne, a gano layin da aka ɗora fankar a kai, domin idan na'urar ba ta ba wa wannan layin wuta ba, injin zai tashi fanka na kwance. A kuma sa kwamfutar gwaji a soket ɗin OBD, wato ramin gwajin mota da ke ƙarƙashin dashbod, a rubuta duk kuskuren da motar ke da shi tun kafin a taɓa ta, don kada gobe a ɗora wa na'urar laifin da ba nata ba.

3. Abin da za a saya da kuɗinsa

Kaya uku ne ginshiƙi: akwatin na'urar da rimot da eriyarsa, na'urar tsallake imobilaiza wadda ke ba inji damar tashi ba tare da makulli a ciki ba, da damin waya mai kan T idan ana samun na motar. Sanannun sunaye a na'urar tayarwa su ne Compustar, Viper da Avital, a ta tsallakewa kuma iDatalink da Fortin, dukansu biyu na Kanada. Fortin EVO-ONE ta haɗa ayyukan biyu a akwati ɗaya. Damin mai kan T yana shiga ne tsakanin soket ɗin motar da mazauninsa, ba sai an yanka waya ba, kuma duk wanda ya same shi ya saya, domin yana rage aikin da kusan rabi kuma ana iya cire komai a mayar da mota yadda take.

Rimot iri biyu ne. Mai hanya ɗaya yana aika umarni kawai, mai hanya biyu yana dawo da amsa cewa inji ya tashi. Wanda ke kwana a cikin lungu motarsa kuma tana gidan mai ko filin ajiye motoci, mai hanya biyu ya fi masa amfani. Nisan da aka rubuta a kwali na fili ne fetal. Tsakanin gine-ginen bulo da rufin kwano yana raguwa sosai. Wasu na'urorin suna aiki da rimot ɗin motar na asali ta hanyar danna maɓallin kullewa sau uku, amma nisansu gajere ne.

A kasuwannin Amurka, na'ura mai hanya ɗaya takan kama daga dala 50 zuwa 150, mai hanya biyu daga 150 zuwa sama da 300, ta tsallakewa kuma kusan 50 zuwa 100. A kan wannan ake ƙara kuɗin jigila da na kwastan, sannan farashin sidi yana bin canji. A kasuwar kayan mota ta Abossey Okai ana samun masu araha marasa suna. Matsalarsu ita ce sau da yawa ba su da zanen da ya dace da wata mota takamaimai, wasu ma ba su da wayar bonet da ke hana inji tashi idan bonet a buɗe yake. Idan mai gyara ne zai yi aikin, a nemi ya rarrabe kuɗin: na na'ura, na tsallakewa, na saka manhaja, da na hannu. Ƙwararre yakan ɗauki awa 2 zuwa 4. Mai yin na farko ya ware yini guda.

Gargaɗi: tsarin tayar da mota ta wayar salula irin su DroneMobile da Viper SmartStart an gina su ne a kan layukan sadarwa da biyan kuɗi na Arewacin Amurka. Mai son wannan a Accra ya nemi na'urar da ke karɓar katin sim na MTN, Telecel ko AT.

4. Kayan aiki

Ana buƙatar mitar auna wuta ta dijital, ƙarfen narka dalma da dalmarsa, robar da ke tsukewa da zafi, salatif mai kyau na mota, filayar fere waya, sukundireba, sifana mai lamba 10, robobin ɓalle murfi, igiyoyin roba na ɗaure waya, tocila, da rilai, wato makunnin da ƙaramar wuta ke kunnawa, ɗaya ko biyu na ko-ta-kwana. A ajiye abin kashe gobara a kusa.

Gargaɗi: kada a yi amfani da fitilar gwaji mai ƙwai. Tana jan wuta da yawa, kuma idan ta taɓa wayar kwamfuta ko ta jakar iska tana iya ƙona kwamfutar ko ta fasa jakar.

5. A shirya na'urar a kan tebur

Na'urar tsallakewa tana zuwa ne babu komai a cikinta, sai an loda mata manhajar motar ta kwamfuta da intanet, da igiya ta musamman: Weblink ga iDatalink, Flash-Link ga Fortin. Wanda ba shi da igiyar ya nemi mai sayarwa ya loda masa kafin a aiko, ya ba shi sunan motar, shekara, irin makulli da lambar jikin mota. A fitar da zanen da ya dace da wannan manhajar a takarda. Sannan a jera wayoyin a kan tebur, a ware waɗanda zanen ya ce za a yi amfani da su, a naɗe bakin kowace ragowa daban da salatif, a ɗaure su wuri ɗaya. Minti 30 na wannan aiki a zaune ya fi awa biyu na lalube a kwance ƙarƙashin sitiyari.

6. A buɗe ƙarƙashin sitiyari

A ajiye mota a fili mai iska, giya a P, birkin hannu a ja. A sauke gilashin direba har ƙasa, saboda yayin gwaji ƙofofi sukan kulle kansu makulli na ciki. A cire kan negatif na batir a jira aƙalla daƙiƙa 90 domin wutar da ta rage a tsarin jakar iska ta zube. Idan rediyon motar mai lambar sirri ne, a tabbatar ana da lambar. Daga nan a cire murfin ƙasan dashbod da murafun da suka rufe wuyan sitiyari, a ɗauki hoton komai da waya kafin a zare ko soket ɗaya.

A lura da abin da wasu suka riga suka saka. Motocin haya na Uber, Bolt da Yango, da waɗanda ake biya kaɗan-kaɗan, sau da yawa suna da na'urar bin sawu wadda ta yanke layin makulli ko na famfon mai. Tsohuwar ƙararrawa ma takan yanke wayar kik. Idan motar ba mallakinka ba ce gaba ɗaya, sai da izinin mai ita, kuma kada a haɗa sabuwar na'ura ta yadda za ta tsallake waccan yankewar.

Gargaɗi: duk soket ko damin waya mai launin rawaya a wuyan sitiyari ko ƙarƙashin kujera na jakar iska ne. Ba a auna shi, ba a soke shi, ba a ɗaura komai a jikinsa.

7. A gano kowace waya da mita

Wannan shi ne zuciyar aikin. Zane yana nuna inda za a duba ne kawai, mita ce ke yanke hukunci. A mayar da kan batir, a sa mita a ma'aunin volt na DC, baƙar sandar a jikin ƙarfen mota, jar sandar a bayan soket ɗin makulli, a riƙa murɗa makulli ana kallo.

Wayar wuta ta dindindin tana nuna volt 12 a kowane hali, ko da makulli na aljihu. Wayar igineshan tana nuna sifili a kashe, ta nuna 12 a ON, ta kuma ci gaba da riƙe wuta lokacin da ake kik a START. Wayar ACC tana kawo wuta a ACC da ON amma tana faɗuwa sifili a START. Wayar kik ba ta nuna komai sai a START kaɗai. A ON igineshan da ACC duk suna nuna 12, babban bambancinsu yana bayyana ne a daƙiƙar kik, shi ya sa masu gaggawa ke musanya su, sai inji ya yi ta juyawa bai tashi ba.

Motoci da yawa suna da igineshan na biyu, ko ACC na biyu, wasu Toyota da Nissan har da kik na biyu. A ƙirga su duka a manna wa kowace takarda mai suna. A nemi musamman wayar da ke ciyar da fankar esi, wadda galibi ke kawo wuta a ON ta ɗauke a START. Idan aka tsallake ta, inji zai tashi lafiya ƙalau amma iska ba za ta fito ba, kuma an yi asarar dalilin saka na'urar.

Sai ƙananan wayoyi. Ta birki tana saman fedar birki: sifili a sake, 12 idan an taka. Ta ƙananan fitilu tana canzawa idan an kunna su, kuma a lura ko fozitif take bayarwa ko negatif, domin a yawancin motocin zamani negatif ce a bayan makunnin fitila. Wayar juyin inji ana samun ta a injekta ko kwayil, wato wayar da kalarta ta bambanta daga wannan silinda zuwa waccan. A ma'aunin AC takan nuna tsakanin volt 1 da 6, ta ƙaru idan an taka totur. A motocin da suka zo bayan 2008, yawancin waɗannan bayanai na'urar tsallakewa tana karanto su ne daga wayoyi biyu na CAN, layin da kwamfutocin mota ke musayar bayanai a kai, waɗanda ke rami na 6 da na 14 a soket ɗin OBD, sai dai idan zane ya nuna wani wuri.

Gargaɗi: a sababbin motoci wayoyin makulli sirara ne masu ɗaukar wuta kaɗan. Kada a ɗauki babbar wutar na'urar daga cikinsu. A bi zane zuwa akwatin fis ko a ja waya daga batir, fis ɗinta a kusa da batirin.

8. A haɗa manyan wayoyi

A sake cire kan negatif. A fara da wayar at, wato ta negatif da ake ɗaurawa a jikin mota: a sami ƙusa a jikin ƙarfen mota kusa da ƙafar direba, a kankare fenti har ƙarfe ya fito fes, a ɗaure wayar da zobe. Mita ta nuna ƙasa da om 1 tsakanin wurin da negatif na batir. Kada a ɗora ta a ƙarfen dashbod da aka ɗaure kan roba. Da yawa daga halayen banza da na'ura ke nunawa, ta yi aiki yau gobe ta ƙi, daga at mara kyau suke fitowa.

Mai damin T sai ya zare soket, ya sa damin a tsakani, ya ji ƙarar kamawarsa. Wanda ba shi da shi zai fere kusan santimita 2 na rigar wayar motar ba tare da yanke ta ba, ya buɗe tsakiyar zaren, ya zura wayar na'ura ya naɗe, ya zuba dalma har ta ratsa, ya rufe. Murɗa waya da hannu a naɗe da salatif mai araha ba ya ɗorewa a nan: zafin cikin mota yana narkar da gam ɗin salatif, ramukan hanya kuma suna sassauta murɗin, wayar da ke ɗauke da amfiya 30 ta fara zafi a ƙarƙashin sitiyari. Ƙananan maƙalan roba masu cizon waya ma a bar su.

Kada a bi kala daga wata na'ura zuwa wata. A Compustar wayar kik rawaya ce, ta igineshan kore. A Viper ta kik shunayya ce, ta igineshan ruwan hoda. Littafin na'urar da ke hannu shi kaɗai ake bi.

Idan motar tana da igineshan biyu na'urar kuma ba ta da fita ta biyu, ba a haɗe su da waya ɗaya, domin hakan yana gauraya layukan da kamfani ya raba. Rilai ake sawa: ƙafa ta 85 zuwa ƙaramar fitar negatif ta na'urar, 86 da 87 zuwa wutar dindindin mai fis, 30 zuwa wayar motar. Fis ɗin na'urar kuwa a bar su a cire har sai an gama komai.

9. Wayoyin tsaro: birki da bonet

Wayar birki ita ke kashe inji idan wani ya shiga ya taka birki ba tare da makulli ba, kuma da ita direba ke karɓar mota daga hannun na'urar. Makunnin bonet yana hana inji tashi idan bonet a buɗe yake. Wasu masu gyara suna naɗe wannan wayar su ɓoye don gudun huda ƙarfe, kuma shi ne babban ha'incin da ake yi a wannan aiki. Rimot na iya dannuwa a aljihu alhali yaron fita ya zura hannu kusa da bel ko fanka. Idan motar ba ta da makunnin asali, a saka wanda ya zo cikin kwali a wurin da ruwan sama ba ya kwanciya, a shafa masa ɗan giris saboda tsatsar iskar teku da ƙurar hunturu. Wayar da za ta ratsa zuwa ɗakin inji ta bi ta cikin robar da ke bangon, nesa da salansa da sandar sitiyari.

Motar dizal tana buƙatar jinkiri kafin kik domin filogin ɗumama su yi aikinsu. A haɗa wayar jira ko a saita daƙiƙun a na'urar.

10. Na'urar tsallake imobilaiza

A haɗa ta da akwatin na'urar ta igiyar bayanai, sannan a kai wayoyinta inda zane ya nuna, galibi soket ɗin zoben da ke kewaye da ramin makulli da wayoyin CAN. Koyar da ita ya bambanta daga mota zuwa mota: yawanci ana riƙe maɓallinta, a murɗa makulli zuwa ON, a jira ƙaramar fitilarta ta canza launi. Wasu motocin suna buƙatar makullai biyu na asali, wasu kuma sai an mayar da na'urar kan kwamfuta an kammala lissafin lambar makullin, don haka kada a ɗaure ta tun yanzu.

Gargaɗi: tsohuwar dabarar ɓoye makulli na biyu cikin akwati ƙarƙashin dashbod, ko manna guntun lantarkinsa a jikin zoben, tana aiki, amma ta bar wa ɓarawo makulli a cikin mota. Manna shi dindindin ya kashe imobilaiza gaba ɗaya, kuma kamfanin inshora na iya kafa hujja da hakan idan an sace motar.

11. Eriya da mazaunin akwati

Eriya tana zama a saman gilashin gaba bayan madubi, 'yan santimita nesa da ƙarfen rufi. Wayarta ta bi ta ƙarƙashin silin ta sauko ta ginshiƙin gefe, ta bayan jakar iskar labule, ba ta gabanta ba. Akwatin kuma a ɗaure shi can sama ƙarƙashin dashbod, bakin soket na kallon ƙasa. Wanda ya taɓa ratsa Kaneshie ko Circle a ruwan watan Yuni ya san inda ruwa ke kaiwa a cikin mota. Kada wata waya ta kusanci feda ko gaɓar sitiyari mai juyawa.

12. Koyarwa da gwaji

A mayar da batir, a sa fis, a fara tayar da mota da makulli a tabbatar komai na aiki kamar da, kuma fitilar jakar iska da ta inji sun mutu. A bar inji ya daidaita, sannan a koya wa na'urar juyin inji yadda littafinta ya ce. Idan an koya mata lokacin da inji ke gudu sama saboda sanyi, za ta riƙe kik fiye da kima. A saita tsawon aiki zuwa minti 10 ko 15.

Ana zaune a kujerar direba a yi waɗannan gwaje-gwaje, kada a bar ko ɗaya. A tayar da rimot a saurari kik, ya saki da zarar inji ya kama. A duba esi yana hurawa kuma fankar lagireto ta kama. A taka birki, inji ya mutu nan take. A sake tayarwa a ɗaga bonet, ya mutu, kuma ya ƙi tashi muddin bonet na buɗe. Sannan gwajin giya: birkin hannu a ja, gaban mota babu kowa, a kunna makulli a sa giya a D, a mayar da makulli baya iyakar inda zai je, ƙafa na shawagi a kan birki ba tare da taɓawa ba, a danna rimot. Kik bai kamata ya motsa ba. Idan ya motsa, an haɗa wayar kik a bayan makunnin tsaron giya, kuma ba a amfani da na'urar sai an gyara.

Daga ƙarshe a gwada karɓar mota: inji na aiki, a buɗe ƙofa, a sa makulli a murɗa zuwa ON kaɗai, sannan a taka birki. Wucewa zuwa START yana sa kik ya ci haƙoran filawil. A motoci masu maɓalli da dama, ciki har da Toyota da yawa, inji yana mutuwa da an buɗe ƙofa sai a sake tayarwa. Haka aka tsara su, ba lalacewa ba ce.

13. Auna zubar wuta, rufewa da amfani

Kafin a mayar da murafu, a kashe komai, a rufe ƙofofi, a sa mita a ma'aunin amfiya 10 tsakanin kan negatif da wayarsa, a jira minti 30 kwamfutocin motar su yi barci. Abin da bai wuce miliamfiya 50 ba daidai ne. Idan ya zarce sosai, akwai rilai da ya maƙale ko layin da aka ba wuta ta dindindin bisa kuskure, kuma batir zai kwanta cikin 'yan kwanaki. Kada a yi kik mita na tsakani, fis ɗinta zai ƙone.

Wajen amfani, a bar esi a kunne da fanka a matsakaici kafin a fita daga mota, domin na'urar ba ta murɗa makunni. Injin lita 1.8 a tsaye yana shan kusan lita ɗaya na fetur a awa, esi kuma yana ƙarawa, don haka minti 5 zuwa 10 sun wadatar. Ba a tayar da mota a rufaffen gareji, ko a tsakar gidan haya inda salansa ke kallon tagar ɗakin wani, saboda iskar kabon monoksayid ba ta da wari kuma tana kisa. Ba a barin yaro a ciki da sunan esi na aiki, domin lokaci na cika inji zai mutu ƙofofi a kulle. Duk ranar da za a kai mota wurin fita ko wurin wanki, a sa na'urar a yanayin hutu, wanda ke hana rimot tayar da inji, da maɓallinta da ke ɓoye ƙarƙashin dashbod.

Idan wata rana ta ƙi aiki, ƙananan fitilu sukan yi ƙyaftawa adadi sananne, littafin kuma yana fassara kowane adadi. Fitilu sun kama amma kik bai juya ba, a duba makunnin bonet da wayar birki. Kik ya juya inji bai tashi ba, a duba igineshan na biyu da na'urar tsallakewa. Inji ya tashi ya mutu bayan daƙiƙu kaɗan, a sake koyar da juyin inji. Nisa ya ragu, a canza batirin rimot kafin a zargi eriya. A rubuta a kan zanen wurin da aka ɗaure akwatin, inda fis ɗinsa suke da kowace wayar da aka taɓa, a ajiye takardar tare da takardun motar domin mai gyaran da zai buɗe dashbod ɗin nan gaba.